Wai tabar da ka naɗa da hannunka tana ɗumama jiki da sanyi, kuma ba ta da illa?

Nura: Jama'a barkanku da sanyi. Yau na gama naɗa siga guda 12 da hannuna, ba sigari ta kwali nake nufi ba, waccan mai kauri da ake naɗe ganyen taba cikin ganyen taba, ba takarda ba soso. Kuma ina nan kan maganata ta jiya, in hunturu ya kankama babu abin da ke ɗumama jiki irinta, sannan tunda ganye ne zalla, ni na jiƙa ni na naɗa, ba ta da illa irin ta kamfani. Mai ja ya fito.

Bilya: Hhh Nura ya zama ɗan Kiyuba dare ɗaya. Turo hoto mu gani, siga ce ko kara ka kakkarya

Nura: Kai dai raini gare ka. Aikin ba wasa ba ne wallahi, hawa uku ne. Akwai ganyen ciki, shi ana son shi da ɗan bushewa don ya ci wuta, akwai wanda ake ɗaure na cikin da shi, sai rigar waje wadda ita ce mai laushi mai kyan gani. To da sanyin nan rigar ce ke ba ni wahala, iska ta bushe ƙayau ga na'urar ɗumama ɗaki tana ƙara busar da komai, kana taɓa ganyen sai ya ruɓurɓushe a hannunka, dole in fesa masa ruwa in sa a leda ya kwana, da safe in zare jijiyar tsakiya in yanka shi a karkace, in naɗa in liƙe kan da ɗan ƙaro. Guda huɗun farko na matse su da yawa ko hayaƙi ba ya wucewa, kamar kana zuƙar ƙusa. Kuma ba a sha a ranar, sai ta huta makonni a akwati mai danshi wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari.

Anti Rabi: Nura sannu da aiki, amma maganarka guda biyu ce ka haɗa, kuma duka biyun ba haka suke ba. Bari in fara da ta ɗumi tunda ita ce ta fi sauƙi. Sinadarin nikotin tsuke jijiyoyin jini yake yi, musamman ƙananan da ke fata da yatsu. Jini shi ke kai ɗumi hannu da ƙafa, in hanyarsa ta tsuke yatsunka ƙara sanyi suke yi. Shi ya sa a ƙasashen ƙanƙara ake gargaɗin masu aiki a waje kan shan taba, don tana cikin abubuwan da ke sa sanyi ya yi saurin lalata yatsu.

Nura: Anti da girmanki, amma ni nake sha, ni nake jin ɗumin a jikina. Ba labari aka ba ni ba.

Anti Rabi: Ban ce ƙarya kake ba ƙanina. Kana jin wani abu, zuciya na ƙara bugawa, hawan jini na ɗan ɗagawa, ga hayaƙi mai zafi a baki ga garwashi kusa da fuska, dole ka ji kamar ka ɗumama. Amma taɓa yatsun ƙafarka bayan rabin awa ka gaya mini.

Yaya Habu: Kuma wani abu da ba ku lura da shi ba, babbar siga ai ba minti biyar ba ce kamar sigari, awa guda take ci har fiye. To mutum ya zauna waje awa guda cikin sanyi bai motsa ba, hannu ɗaya a waje ba safa don ya riƙe ta, wai yana neman ɗumi. Da ya tashi ya zagaya gidan sau uku da ya fi.

Bilya: Yaya ka kashe shi hhh

Nura: To ai ba kullum a waje nake sha ba. In sanyin ya yi yawa gareji nake shiga in ja ƙofa in kunna ɗan kaskon gawayi, shi ke nan.

Yaya Habu: Innalillahi. Nura wannan kam ka daina tun yau, ba ma maganar taba nake ba. Ni shekara 19 na yi ina sha kafin in bari, kuma irin wannan zaman ya taɓa kusa kai ni lahira, ni da wani abokina muka rufe ɗaki da gawayi muna busawa muna hira, tun muna dariya har kaina ya fara sarawa, na ɗauka tabar ce ta yi ƙarfi, na miƙe in buɗe ƙofa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, da rarrafe na kai. Abokin nawa sai da aka kai shi asibiti. Abin tsoron shi ne ba ka jin wari ko kaɗan, barci kawai yake ɗibarka.

Malam Isa: Wannan iskar da Alhaji Habu ke magana ita ce kabon monokzayid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau sama da 200. Gawayi na fitar da ita, ita ma siga na fitarwa, har ta fi sigari, don rigar ganye ba ta shigar da iska kamar takarda, ƙonewar ba ta cika. Ka haɗa biyun a wuri rufaffe ke nan.

Nura: To na ji, gawayi na bari. Amma maganata ta biyu tana nan. Kamfani na zuba abubuwa iri-iri a sigari, kayan ƙamshi, suga, takarda, abin da ma ba mu sani ba. Tawa kuwa ganye ne da ruwa da ƙaro. Ta yaya za a ce ɗaya suke?

Malam Isa: A nan kana da rabin gaskiya, kuma ba zan hana ka ita ba. Eh ana ƙara abubuwa a sigarin kamfani, taka babu su. Sai dai matsalar ita ce mafi munin abin ba ƙara shi ake yi ba, a jikin ganyen yake. Nikotin shukar ce ke yin kayanta don kare kanta daga ƙwari. Sannan lokacin da ake shanya ganyen ana tara shi ya yi zafi ya gumu, wanda shi ne ke ba siga ƙamshinta ya cire mata kaifi, a daidai nan wasu sinadarai da ake kira naitirosamin ke samuwa, kuma suna cikin manyan masu jawo kansa a taba. Wato aikin da ke sa ta daɗi shi ke haifar da su. Sauran kuma wuta ce ke yi, duk ganyen da ka ƙona zai ba da kwalta ko wane hannu ya naɗa shi.

Zulai: Ni tambayata ɗaya, ganye nawa ke cikin guda ɗaya? Don na taɓa ganin siga a hoto, kaurinta kamar babban yatsa

Malam Isa: Karan sigari bai wuce giram 1 na taba ba, babbar siga kuwa daga giram 5 har wajen 20 ana samu.

Zulai: Tab. Kenan zama ɗaya kusan kwali

Nura: Ba haka lissafin yake ba Zulai, ai siga ba a haɗiye hayaƙinta. A baki kake juya shi ka fesar, huhu ba ruwansa.

Anti Rabi: To bakin na wane ne? Hayaƙin siga ba irin na sigari ba ne, nikotin ɗinsa ta fatar baki yake shiga jini kai tsaye ba sai ya je huhu ba, shi ya sa kake jin ta ko ba ka haɗiye ba. Leɓe da harshe da maƙogwaro duk suna wanka da shi awa guda, yawun da ka haɗiya kuma ya bi da shi ta hanyar abinci. Kansar baki da ta maƙogwaro ita aka fi sanin masu siga da ita. Kuma gaya mini gaskiya, kai da ka fara da sigari shekaru, ba ka ɗan ja ciki ba tare da ka sani ba? Kuma in ka rufe gareji ai hayaƙin da ka fesar shi kake shaƙa.

Nura: Wani lokacin dai. Ba kullum ba.

Bilya: Bari in taimaki abokina don na ga an yi masa taron dangi. Winston Churchill tsohon firaministan Birtaniya fa? Mutumin nan ko a hoto ba ka ganinsa ba siga a baki, kuma sai da ya shekara 90, ya mutu 1965. Fidel Castro tsohon shugaban Kiyuba ma 90 ya yi. To ina kansar?

Yaya Habu: Bilya ai Castro bari ya yi, tun 1985 ya daina, ya ƙara shekara 31 a duniya ba ita, a ƙasar da siga ce abin alfaharinsu. Ka kawo shaidar da ta juya maka baya.

Malam Isa: Kuma in sunaye za mu jera, ga Sigmund Freud, likita ne ma, yana shan wajen 20 a rana, 1923 aka gano kansa a bakinsa, aka yi ta yi masa tiyata sama da sau 30 har aka cire wani ɓangaren muƙamuƙinsa, bai iya bari ba har ya mutu 1939. Ga Ulysses Grant tsohon shugaban Amurka, kansar maƙogwaro ta kashe shi 1885. A lokacin Grant akasarin siga ganye ce naɗin hannu irin ta Nura. Mutum ɗaya da ya tsira ba ya wanke ta, kamar yadda mutum ɗaya da ya mutu ba shi ne hujjata ba, kawai dai na nuna maka kowa na da nasa sunan.

Bilya: Na janye, Nura ka ji da kanka

Nura: Ku dai kun ƙi fahimtata. Ni fa da ina shan sigari kwali guda a rana, yanzu siga biyu ko uku a sati, kuma rabin daɗin ma a naɗin yake, dare ya yi tsawo ba inda za ka je, ka zauna ka shimfiɗa ganye kana lallaɓa shi, hankalinka ya kwanta. Wannan ba ci gaba ba ne?

Anti Rabi: Daga kwali a rana zuwa uku a sati raguwa ce, ban musa ba, kuma na ji daɗin jin haka. Amma ba ita ce maganar da ka buɗe da ita ba. Cewa ka yi tana ɗumama jiki kuma ba ta da illa, har ka ce mai ja ya fito, to mun fito.

Zulai: Ni dai tausayin matarsa nake ji, da sanyi ba a buɗe taga, warin nan ya kama labule da rigunan sanyi sai bazara

Nura: Ita ce ma ta kore ni gareji ai. To naji, ta illa na sassauta, ba zan ce babu ba. Amma ta ɗumi ban yarda ba sai na gwada. Ina da ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa a goshi, zan auna yatsana kafin in kunna da kuma bayan minti 20.

Anti Rabi: Hannun da ba ya riƙe da ita za ka auna, kar ka yi mana wayo da zafin garwashi. Kuma a wuri ɗaya, ka zauna minti goma tukuna kafin awon farko, ƙofa a buɗe.

Malam Isa: Ka maimaita wani daren ba tare da ka sha komai ba, a wuri ɗaya tsawon lokaci ɗaya, in ba haka ba za ka ce sanyin garin ne ya sauke lambar.

Nura: Kai ku mutanen nan. To. Sai dai nan gaba, wadda na fita da ita ɗazu rigarta ta tsage tun daga kai har tsakiya ina kunnawa, daga akwati mai danshi zuwa busasshen sanyi ba ta jure ba, sauran 11 kuma ba su gama hutawa ba.

Bilya: Har yanzu dai ba mu ga hoton ba