Na ƙara wa shanuna masara, sai suka rage cin ciyawa

Mai Turke: Assalamu alaikum. Ina kiwon bijimai shida domin nama, kowanne ya kai kimanin kilo 300, kuma abincinsu a wannan rani shi ne karan hatsi da busasshiyar ciyawa wadda ta tsufa kafin a yanke ta. Da na ga suna ramewa sai na fara ba kowanne kilo 3 na barzajjiyar masara a rana, amma yanzu suna barin ciyawar a kwami, kashinsu ya yi ruwa, jikin kuma bai ciko ba. Ina kuskuren yake?

Tsohon Makiyayi: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ciyawarka ta rasa tun farko furotin ne, masara kuwa sitaci ta fi yawa, domin furotin ɗinta bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin sa su ne ke narkar da ciyawa, kuma idan furotin ɗin ciyawar ya gaza kashi 7 cikin 100, aikinsu yana ja baya, abinci ya daɗe a tumbi, dabbar ta kasa cin wani. Da ka zuba masara mai yawa sai ta ruɓe da sauri, tumbin ya yi tsami, masu narkar da sitaci suka cinye ɗan furotin ɗin da ake da shi, masu narkar da kara suka ƙara rauni. Kilo 3 ga san kilo 300 kashi 1 cikin 100 ne na nauyinsa; a kan irin wannan ciyawa, a ganina kada hatsin ya wuce kilo 1. Ka rage masarar a hankali, ka kawo ƙuli-ƙulin auduga ko na waken suya, waɗanda furotin ɗinsu ya ninka na masara kusan sau huɗu ko fiye.

Mai Garke: Na yarda, sai dai ina da ƙari, ɗan'uwa. Idan nufinka su yi ƙiba da wuri, furotin kaɗai ba zai kai ka ba, dole a ƙara abincin da ke ba da ƙarfi. Dusar alkama ko ɓawon waken suya sun fi masara sauƙi ga tumbi. In kuma masarar ce a hannu, ka raba ta safe da yamma bayan sun ci ciyawa, kullum ba fashi, kuma kada a niƙa ta ta zama gari.

Mai Turke: Na gode ƙwarai. An ce mini a sa yuriya maimakon ƙuli-ƙulin. Hakan ya dace?

Tsohon Makiyayi: Tana aiki, amma kuskure kaɗan wajen awo ko gauraya yana kashe sa cikin sa'o'i, kuma ba a ba ƙananan maruƙa. Kada ka fara sai likitan dabbobi ya auna maka.