Wanda ba zai iya zunubi a lahira ba, yana da sauran zaɓi?

Ɗalibi daga Jahun:
Assalamu alaikum malamaina. Masanan Kirista na Turai a zamanin da sun ce wanda ya shiga aljanna ba zai ƙara iya yin zunubi ba, su ɗin ne kuma suka ce ɗan Adam yana da 'yancin zaɓi. To idan saɓo ya gagare shi, ba an ƙwace masa zaɓin ke nan ba? Yaya suka warware wannan?

Malamin tarihi, Ringim:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Fara da Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. A wurinsa Adamu kafin saɓo yana iya ƙin zunubi, yana kuma iya yi. Bayan saɓon, mutum ba ya kuɓuta sai da alherin Allah. A aljanna kuwa ba ya iya yin zunubi sam, kuma wannan ne ya kira 'yanci mafi girma. Anselam na Kantabari a Ingila, da ya rasu a 1109, ya ƙara hujja: da iya zunubi sharaɗin 'yanci ne, da Allah da mala'iku nagari ba su da shi ke nan. Nan tambayarka ta zame, don ka ɗauka zaɓi ba ya tabbata sai ƙofar ɓarna na buɗe.

Manomi daga Gumel:
Allah gafarta malam, a ƙara da Toma Akwinas (1225 zuwa 1274), don shi ya bayyana yadda abin yake aiki. Ya ce nufin mutum, wato ikonsa na so da zaɓi, ba ya motsawa sai zuwa abin da hankali ya nuna masa a matsayin alheri, kuma kowa dole yake son jin daɗi. Hanyar samunsa ce kawai ake zaɓa. Dubi mai sayen sa a kasuwar Maigatari: wannan ƙosasshe ne amma haƙoransa sun cinye, wancan matashi ne amma dillali ya tsauwala kuɗi. Kowanne yana da abin so da abin ƙi, shi ya sa yake kai da komo. Duk alherin duniya haka yake, da naƙasa a jikinsa, kuma ta wannan naƙasar hankali ke samun dalilin juya baya. Wanda ya ga zatin Allah ido da ido, in ji Akwinas, bai ga wata naƙasa da zai kafa hujja da ita ba. Babu wanda ya ɗaure shi, dalilin kaucewa ne ya ƙare.

Malama daga Kazaure:
Ƙanena, kada ka ɗauka duk sun yarda da Akwinas. A 1277 bishop na Paris, Etiyen Tamfiye, ya haramta maganganu 219, wasunsu don suna mayar da nufi bawan hankali. Bayan haka Duns Skotus, wanda ya rasu a 1308, ya ce cikar ni'ima tana cikin ƙaunar Allah, aikin nufi ke nan, gani kuwa share fage ne. A wurinsa ko ganin Allah ba ya tilasta nufi. Allah ne yake tsare mutum a kan ƙaunar har abada. Ni dai hujjar Skotus ta fi kama mini hankali, domin ƙaunar da ta zama dole da wuya a yaba wa mai ita. Amma tana da nata rauni: idan tsarewar Allah ce ta hana mutum juyawa, tambayarka ta dawo, sai dai yanzu a kan tsarewar za ka yi ta.