Surukata na ɗura wa yarona abinci, likita kuma ta ce ƙiba ta yi masa yawa

Maman Ilyas: Salam 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. A Houston nake aure, maigidan ɗan asalin Meziko ne da ya musulunta tun kafin mu haɗu, yaronmu shekararsa 8. An aiko takarda daga makaranta wai nas ta ga bayan wuyansa ya yi baƙi, ni wallahi duk zatona dauɗa ce har da soso nake dirje masa, da muka je asibiti likita ta ce alama ce jikinsa ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Mahaifiyar maigidan ce ke riƙe shi in ya taso makaranta don ni sai ƙarfe 6 nake tashi aiki, kafin in dawo ya ci tortilla huɗu (faifan gurasarsu ta masara ko fulawa) da burodinsu mai zaƙi ya kora da horchata, wani kunun shinkafa mai sanyi da sukari da kirfa. Gordito take ce masa wato ɗan lukuti, a wajensu sunan so ne. Na ɗan yi magana ta ce yaro mai kumatu shi ne lafiyayye. Baiwar Allah nan tana ƙaunata ba na son ɓata mata, ya zan yi?

Ummu Hanan: Haba ki bar yaro ya ci abinsa, ƙibar yarinta ce in ya miƙe duk za ta zube.

Anti Nas Dallas: A'a 'yar uwa, tunda har wuya ya nuna ba abin jira ba ne. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna wajen yaro 1 cikin 4 na 'yan Latino ('yan asalin ƙasashe irin su Meziko) a Amurka na da ƙiba, sun fi yaran farar fata nesa, ga ciwon suga da kitsen hanta sun fi saurin kama su. Maman Ilyas ki fara da abin sha kawai. Gwangwanin lemo ɗaya akwai sukari wajen giram 39, alhali ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kar sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin shan yaro ya kai giram 25 a yini. Tortillar masara ta fi ta fulawa, wake kuma dama abincinsu ne ki bar shi. Kar dai ki sa shi yunwa ko ki riƙa auna shi a gaban mutane.

Baban Sadik: Ni tambayata ina uban a maganar nan? Me yake sha da abinci, me yake yi ranar Asabar? Nawa bai taɓa jin wa'azina ba, sai da na fara ɗaukar ƙwallo muna fita bayan la'asar sannan ya ajiye waya. Awa 1 ake so yaro ya motsa kullum, in zafin Houston ya hana ku bari sai bayan magariba.

Hajiya Babba: 'Yata kar ki sake ki tunkare ta da kanki, suruka suruka ce ko da wane yare take magana. Ɗanta ne zai faɗa mata. Kuma ranar komawa asibiti ku tafi da ita ku nemi tafinta, ta ji daga bakin likita da Sifaniyanci. Ki roƙe ta ta koya miki miyar ganyensu, sai ta ji da ita ake gyaran ba ita ake tuhuma ba.

Maman Ilyas: Baban Sadik ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi wallahi, katan ɗin lemo a garejinmu maigidan ke sayowa, asabar kuma yana kan kujera yana kallon ƙwallon Meziko yaron na gefensa da ledar cin-cin mai yaji. Mahaifin maigidan ma suga ce ajalinsa. Na karanta masa amsoshinku ya yi shiru, can ya ce zai kira mamansa gobe. Hajiya, ranar Talata za mu koma asibitin, shi zai gayyace ta ko ni?