Awon gamma a samfurin ƙasa: inda sakamako ke lalacewa, daga rufe roba zuwa tudun 2614

Mai kula da ɗakin awo:
Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Zangon bincike ya kama, layin masu jiran na'urar NaI (mai kiristal ɗin sodiyom ayodaid da ke ƙirga hasken gamma da samfur ke fitarwa) a sashen fiziks ya fara tsawo. Kowace shekara sai an samu wanda ya gama awo sannan aka gane lambobinsa ba za su shiga kundi ba, alhali lokacin na'ura ya riga ya tafi. Ina roƙon duk wanda ya san aikin ya ajiye abin da ya gani yana ɓata sakamako. Bari in fara da shirya samfur. A shanya ƙasar a inuwa, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a saka ta a obin a zafin digiri 105 zuwa 110 har nauyinta ya daina raguwa tsakanin awo biyu. A daka, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. A wanke turmi da rariya tsakanin samfur da samfur, musamman idan akwai tarkacen kuza irin na Jos a cikin jerin, domin ɗan abin da ya maƙale a rariya ya isa ya ɗaga toriyom na samfurin da ke biye. A auna robar fanko, a cika, a sake aunawa, a rubuta nauyi da ranar rufewa a jikinta da kuma littafin sashe.

Malamar fiziks ɗin nukiliya:
Wa alaikumus salam Malam. Rufewar ita ce uwar aikin. Ba radiyom 226 muke gani kai tsaye ba, jikanyarsa bismat 214 muke ƙirgawa a 1764 keV (keV ma'aunin ƙarfin gamma ne), kuma tsakaninsu akwai radon 222 wanda iska ne. Rabin radon na rushewa cikin kwana 3.82. Idan aka fara daga babu, bayan mako ɗaya kashi 72 cikin ɗari ne zai dawo, bayan mako biyu 92, bayan kwana 28 ya haura 99. Daga nan batun mako huɗu ya samo asali, ba al'ada ce kawai ba. Ana shafa basilin a bakin murfi, a ɗaure, a zuba kakin kyandir a kewaye, sannan a naɗe da salatef. Kuma a cika robar fal. Idan aka bar sarari a sama, radon zai taru can nesa da na'ura, 'ya'yansa su manne a murfi, ƙirgen ya sauko. Roba mai laushi sirara ma radon na ratsa ta, a nemi mai kauri.

Ɗalibin digiri na uku:
Allah ya ƙara wa Malama lafiya, ina da ƙari kaɗan. Shanya da daka ba sa korar radon gaba ɗaya. Wanda ya fito daga ƙwayar ƙasa zuwa ramukan da ke tsakani ne ke tsere, kuma a ƙasa ta yau da kullum wannan kusan kashi ɗaya ne cikin biyar. Shi ya sa wanda ya yi gaggawa ko wanda robarsa ke yoyo ba ya ganin kuskure ƙarara. Lambar tana fitowa da kamar hankali, ta ɗan yi ƙasa kawai, kuma babu mai kama ta a taron gabatar da bincike. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a ɗauki samfur ɗaya a ƙirga shi a kwana na 2, na 10, na 20 da na 30. Idan 1764 ya hau ya tsaya, rufin ya yi. Idan bai motsa ba sam, a zargi murfin.

Malamar fiziks ɗin nukiliya:
Haka ne, gyaranka ya yi daidai. Sannan ɗalibai su daina rubuta yuraniyom 238 a kan abin da aka auna ta 1764. Radiyom 226 ne. A takin fosfet da ruwan rijiya da lakar rafi, yuraniyom da radiyom sukan rabu saboda narkewarsu a ruwa ba ɗaya ba ce.

Injiniyan na'urori:
Ni zan tsaya a kan zafi da wuta, don a nan yawancin dare ke salwanta. Hasken da kiristal ɗin ke bayarwa da ninkin bututun da ke bayansa, mai mayar da hasken siginar lantarki, duk suna sauyawa da zafin ɗaki. Idan ninkin ya goce da kashi 1 cikin ɗari, tudun siziyom na 662 (wurin da ƙirgensa ke taruwa a zanen sakamako) zai matsa keV 7 kawai, ba za a lura ba, amma na taliyom 208, jikan toriyom, da ke 2614 zai matsa keV 26. A na'ura mai gurbi 1024 (rabe-raben ƙarfi da take jera ƙirge a ciki) da aka shimfiɗa zuwa 3000 keV, wannan kusan gurbi tara ne. Awon da aka fara da sanyin asuba aka ƙare da zafin azahar a watan Afrilu, tudunsa baje yake fitowa, wani ɓangare ya fice daga tagar da aka shata, wato iyakar keV da ake ƙirga tudun a ciki.

Abin da ke aiki: a kunna, a ɗaga boltejin a hankali zuwa adadin da ke takardar na'urar, a bar ta aƙalla minti 30 zuwa sa'a ɗaya kafin a taɓa komai. A saka ƙwayoyin saiti, siziyom 137 da kobal 60, a tabbatar da 662 da 1173 da 1332, safe da yamma. Amma a lura, waɗannan sun tsaya a 1332. Wanda ya ja layin saiti daga nan zuwa 2614 ba tare da ya duba da samfurin toriyom ba, zato yake yi.

Idan wuta ta ɗauke aka koma janareta, kada a ci gaba da ƙirge a kan tsohon fayil. A ajiye shi, a jira na'ura ta zauna, a sake duba saiti. Inbata da batir su ɗauki na'urar da kwamfutar kaɗai. Kuma don Allah kada a kunna na'urar sanyaya ɗaki da ƙarfi a ɗakin da ya wuni a rufe cikin zafi. Kiristal ɗin NaI na tsagewa da sauyin zafi na farat ɗaya, kuma yana shan laima: da zarar gwangwaninsa ya fashe, sai ya yi rawaya, tudun 662 da faɗinsa bai wuce kashi 7 ko 8 cikin ɗari ba ya buɗe. Wannan ba ya gyaruwa.

Ɗalibar digiri na biyu:
Malam, awon fanko fa? Sau ɗaya a zango ya isa? Layi ya yi yawa, kowa na ganin asarar dare ne.

Mai kula da ɗakin awo:
Bai isa ba, Malama. A ƙirga robar fanko irin ta samfur, tsawon lokaci daidai da na samfur ko fiye, aƙalla sau ɗaya a mako. Bangon siminti da kansa yana fitar da fotasiyom 40 a 1460 keV, garkuwar dalma mai kaurin santimita 5 tana rage shi ne, ba ta kashe shi. Radon na ɗaki kuma yana taruwa ranar Litinin bayan an rufe ƙofa kwana biyu, a buɗe taga kafin a fara. Samfuran da ke jiran layi da ƙwayoyin saiti kada su zauna kusa da garkuwar. Fanko ɗaya zai yi wa duk masu awon makon, saboda haka a ware masa dare a jadawali tun farko, kada a bar shi ga wanda ya ga dama.

Dokta mai koyar da kariyar tururi:
Sauran matsalar a lissafi take. Samfuran ma'auni na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, RGK-1 na fotasiyom da RGU-1 na yuraniyom da RGTh-1 na toriyom, dole a zuba su a roba iri ɗaya, tsayi ɗaya da na samfur. Ma'auni a gajeriyar roba, samfur a doguwa, sakamakon ya tashi aiki ko da komai ya tafi daidai. Na biyu, tagogin uku, na 1460 da 1764 da 2614, suna zuba wa juna: gamma na 2614 idan ya warwatsu a kiristal yana faɗawa tagar 1764 da ta 1460. Sai an ƙirga kowane ma'auni shi kaɗai an fitar da rabon da za a cire. A ƙasa mai yawan toriyom akwai ƙarin tarko, aktiniyom 228 na da layi a 1459 keV, yana zaune a kan na fotasiyom, NaI ba za ta raba su ba.

Kowace lamba ta zo da kuskurenta. Ƙirge 10,000 na ba da kusan kashi 1 cikin ɗari, 400 kuma kashi 5, tun kafin a saka na fanko. Abin da bai kai iyakar ganowa ba, wato 2.71 a tara da 4.65 sau tushen (square root) ƙirgen fanko, a rubuta cewa bai kai ba, kada a rubuta sifili. Don kwatance, rahoton UNSCEAR, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururin nukiliya, na shekarar 2000 ya ba da, a matsayin matsakaicin duniya, 400 ga fotasiyom, 35 ga radiyom, 30 ga toriyom, duk bekarel (rushewa ɗaya a daƙiƙa) a kilo. Wuce waɗannan kaɗan ba ya nufin gari na cikin haɗari, kuma ina roƙon ɗalibai su kiyaye harshensu a nan, domin mutanen da aka ɗebi ƙasar gonarsu suna jin abin da aka rubuta.

Ɗalibin digiri na uku:
Ga wanda samfurinsa bai kai cika roba ba, ko yake son yuraniyom da toriyom kansu, akwai hanyar harba niyutron a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tukunyar nukiliyar cibiyar, NIRR-1, ta fara aiki a 2004, kuma a 2018 aka sauya makamashinta ya koma yuraniyom da ba a tace sosai ba. Abin da ake buƙata bai kai giram ɗaya ba, sai dai a niƙa shi lukui a gauraya sosai, tunda ɗan wannan ne zai wakilci fili guda.

Mai kula da ɗakin awo:
Madalla. Ga tsarin zangon nan: awo ɗaya daƙiƙa 28,800, wato sa'a takwas, samfur biyu a yini idan wuta ta ba da dama, daren Juma'a na fanko ne. Ba za a saka sunan kowa a jadawali ba sai na ga ranar rufewa a littafi kuma kwana 28 sun cika. Wanda ya karɓi na'ura ya rubuta zafin ɗaki da gurbin da 662 ya faɗa, farko da ƙarshe. Idan bambancin ya wuce gurbi biyu, a kira ni kafin a cire samfurin daga garkuwa.