Ajin manya na makarantar Lahadi: yaya aka yi bakin mutane ya buɗe a wajenku?

Mai bishara daga Saminaka:
Salama gare ku 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da dattawan ikilisiya suka ɗora mini ajin manya. Mutum wajen talatin ke zuwa da ƙarfe takwas, kafin sujada. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da na yi tambaya sai kowa ya sunkuyar da kai. Mutum biyu ne ke amsawa, kullum su ɗin ne. Ajin ya koma wa'azi na biyu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Wata uwa 'yar Zumuntar Mata, Kaduna:
Ɗana, ni na yi shekara shida ina irin wannan shirun, kuma ba rashin abin faɗa ba ne. Ban iya karatu ba. Malaminmu kan ce "mai bi, karanta aya ta gaba", layi-layi, ni kuwa tun daga nesa nake ƙirga mutum nawa suka rage a zo kaina, tafin hannuna na gumi. In saura biyu sai in ɗauki goyo in fita kamar yaro ne ya dame ni. Ranar da sabon malami ya hana karatun layi, ya ce mai so ya karanta, saura su faɗi abin da kunnensu ya kama, ranar na fara magana. Labarin Rut da Na'omi ne, ni kuma na san zaman suruka da matar ɗa fiye da duk mai takarda a ajin. Bincika a asirce, mutum nawa ne a ajinka ba su iya karatu ba.

Dattijon ikilisiya, Zariya:
Gaskiyar Mama ce. Mu kuma bambancin fassara ne ya taimake mu. Tsofaffinmu na riƙe da tsohon Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Dokta Miller na Wusasa ya yi aiki a kansa, wasu na da na 1979, matasa kuma na karantawa daga waya. Wata rana wani ya ce a buɗe Yohanna, maƙwabcinsa ya ce a nasa Yahaya aka rubuta. Wannan ya karanta "Kristi", wancan "Almasihu". Maimakon in yanke musu, sai na kai su sura 1 aya 41, suka gano da kansu cewa ma'anar ɗaya ce, wato Shafaffe. Tun daga nan muke karanta kowace aya a fassara biyu, tambayoyi kuwa sai sun ishe ka.

Ɗan'uwa daga ikilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), yanzu a Jos:
Baba, ni nawa ya fi nauyi. A 2014 muka gudo, lokacin da Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatarmu a Kwarhi. A ajin da na shiga a nan aka zo kan Matiyu 18, inda Bitrus ya tambayi sau nawa zai gafarta wa ɗan'uwansa. Kowa na ba da amsa mai kyau. Na miƙe na ce ni dai ban gafarta ba, ƙanena ya tafi gona bai dawo ba. Na zaci za a jefe ni da ayoyi. Malamin ya rufe littafinsa, ya ce, "Na gode da ka faɗi gaskiya." Sai wata gwauruwa a bencin baya ta ce ita ma haka. Mako biyar muka yi a kan ayoyi biyun nan, jadawalin darussa ya tsaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Har yau ina kan hanya, amma ajin ban taɓa fashinsa ba.

Malama daga Maraɗi:
A wajenmu mata ba sa magana gaban mazajensu da surukai. Muna raba aji gida-gida, mutum biyar ko shida a gindin bedi, minti ashirin, sannan a haɗu kowane rukuni ya kawo nasa.

Mai bishara daga Saminaka:
Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwa. Mama, ni ma karatun layi nake sa su, daga wannan Lahadi na daina. Saura ɗaya: ɗaya daga cikin masu amsawar nan dattijo ne, sa'an mahaifina. Baba na Zariya, ta yaya zan roƙe shi ya riƙa bar wa wasu fili ba tare da ya ji na raina shi ba?