Taƙaitawa: fasa dutse don ciro iskar gas da haɗarinsa ga ruwan sha

Jama'a, ga abin da muhawarar da aka yi kan ko fasa dutse don ciro gas yana ɓata ruwan sha ta tsaya a kai.

1. Aikin shi ne a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi cikin rijiyar gas har dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsattsage. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ake turawa ruwa ne. Rijiya guda tana shanye miliyoyin lita, ga mu da rani a Gumel da Kazaure.

2. An haɗu a kan cewa tsagewar dutsen ba ita ce babbar matsala ba, don yawanci zurfinsa ya wuce mita 1,000, burtsatsenmu kuwa ba ya kai nan. Ɓarnar daga sama take. Simintin da ke kewaye da bututun ƙarfe na rijiyar gas in bai kama ba, gas ya bi gefe ya shiga ruwan rijiyar da ake sha. Ruwan da ke dawowa sama kuma cike yake da gishiri da bariyom (wani sinadari mai cutarwa), in ramin ajiyarsa ya yi yoyo ƙasa mai rairayi irin ta Haɗejia ba ta riƙe shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ambaci waɗannan hanyoyi a rahotonta na 2016.

3. A gwada ruwan rijiyoyi kafin kowane haƙa ya fara, a ajiye takardar sakamakon wurin mai unguwa. Ni a ganina wannan ce shawarar da ta fi.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a hana kawai, yadda Faransa ta yi a 2011. Wasu sun ce doka mai tsauri ta isa, aka tambaye su wa zai duba siminti a ƙauye.