Shin in saka Datasette cikin manhajar farashin albasa, ko in ware masa nasa wurin?

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fage. Na rubuta wa wata ƙungiyar manoman albasa manhajar intanet da Python da FastAPI (kayan aikin gina manhajar intanet a Python), wadda wakilanta 9 suke shigar da farashin buhu da adadin kamyon da aka loda daga kasuwannin Galmi, Madawa, Tamaske da Ƙonni, kowa ta wayarsa. Bayanan duka suna cikin fayil ɗaya na SQLite, wato rumbun bayanai mai zama cikin fayil guda, a kan wata ƙaramar saba da muke haya, kuma zuwa yanzu layukan teburin farashi sun kai dubu 40.

Shugabannin ƙungiyar suna so su riƙa duba bayanan da kansu, su tace su bisa kasuwa ko wata, su sauke su zuwa Excel, domin su san lokacin da ya dace a fito da albasar da ke ajiye a rudu da lokacin da ya dace a ƙara haƙuri. Maimakon in zauna ina rubuta shafukan tacewa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga Datasette, wani kayan aiki mai nuna abin da ke cikin fayil ɗin SQLite a shafin intanet, yana yin wannan aikin duka, kuma da yake laburaren Python ne mai magana da ASGI, wato tsarin sadarwa tsakanin saba da manhajar Python wanda FastAPI ma yake bi, ana iya ɗaura shi kai tsaye cikin FastAPI da app.mount a ƙarƙashin adireshin /bayanai. Na gwada a kwamfutata, ya buɗe, sai dai shafin ya fito tsirara ba tare da tsarinsa ba, kuma duk mahaɗar da na taɓa tana kai ni ga kuskuren 404, wato ba a sami shafin ba. Tambayata biyu ce: mene ne gyaran wannan, sannan shin ɗaura shi cikin manhajar hanya ce mai kyau, ko kuwa ya kamata ya zama aiki mai zaman kansa a kan sabar?

Tsohon Injiniya, Yamai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta farko mai sauƙi ce: Datasette yana zaton shi ne mai gidan, yana rubuta mahaɗansa daga tushen adireshi, don haka ka ba shi saitin base_url da darajar /bayanai/, har da sandar ƙarshe, shafin zai dawo da tufafinsa.

Abin da ya fi damuna ba ka tambaye shi ba. A FastAPI, binciken shiga da ka rubuta da Depends yana aiki ne kan hanyoyin da ka ayyana da kanka kaɗai, ba ya taɓa wata manhaja da aka ɗaura da mount. Ma'ana, idan ka ɗora wannan a kan sabar yau da dare, duk wanda ya san adireshin zai shiga /bayanai ba tare da kalmar sirri ba, kuma Datasette a yadda ya zo yana barin kowane baƙo ya rubuta tambayarsa ta karatu da SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, a kan dukkan teburan da ke cikin fayil ɗin. Simon Willison ya fitar da shi a 2017 domin buga bayanai ga jama'a, irin aikin ƴan jarida, shi ya sa ƙofarsa take buɗe tun asali. To, a fayil ɗinka na tabbata akwai teburin wakilai da lambobin wayarsu, da kalmomin sirri ko da an murɗe su, wataƙila har da bashin da ake bin wasu manoma. Dillalin da ke jiran kamyo a Ankara ko Kumasi zai yi murna da ganin yawan albasar da ta rage muku a rudu kafin ku yi ciniki. Ban da haka, ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma lambar wayar manomi tana cikin abin da ake nufi.

Shawarata ita ce kada ka nuna wa Datasette fayil ɗin da manhajar take rubutu a cikinsa ko kaɗan. Ka rubuta ɗan gajeren aiki da zai gudana kowane dare, ya buɗe sabon fayil, ya haɗa shi da na asali da ATTACH, ya kwafo teburin farashi da na lodi kawai da CREATE TABLE AS SELECT, ya bar sunaye da lambobi a inda suke. Wannan sabon fayil shi za ka miƙa. Na fi yarda da haka a kan dogaro da saitin izini na tebur-tebur, domin takardun Datasette da kansu sun yi gargaɗi cewa wanda ke da damar rubuta SQL yana iya kewaye haramcin da aka sa wa tebur, sai an rufe SQL ɗin ma. Abin da ba ya cikin fayil kuwa, babu tambayar da za ta fito da shi. Bayan haka ka sa binciken shiga a matsayin middleware, wato matakin da ke gaban dukkan manhajar, domin shi yana tare kowace buƙata kafin ta isa ga abin da aka ɗaura, kuma idan shugabannin ba za su rubuta SQL ba, wanda nake kyautata zaton haka ne, ka kashe default_allow_sql, saitin da ya zo a siga ta 0.64.

Idan ka yi waɗannan, ban ga laifin ɗaura shi ciki ba. Layi dubu 40 ba kaya ba ne ga SQLite.

Ƴar Yantala, Yamai

Ina tare da Malam a kan raba fayil, amma da izininsa na saɓa masa a kan jumlarsa ta ƙarshe. Nauyin bayanai ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne abin da zai faru da wakilin da ke tsaye a kasuwar Galmi cikin zafin Afrilu, rezo yana zuwa yana tafiya, yana ƙoƙarin tura farashi, a daidai lokacin da sakataren ƙungiya ya danna sauke dukkan teburin a CSV, irin fayil ɗin da ake buɗewa da Excel. Laburaren da aka ɗaura ciki yana zaune ne cikin aiki guda da manhajar, suna cin ƙwaƙwalwa ɗaya da lokacin injin ɗaya. Gaskiya ne Datasette yana gudanar da tambayoyinsa a zarurruka, wato layukan aiki na daban, guda 3 a saitinsa na asali, yana yanke duk tambayar da ta wuce daƙiƙa ɗaya, kuma ba ya mayar da fiye da layi 1000 a amsa guda. Amma saukewar CSV mai kwarara tana wuce wannan iyaka ta layuka, tana tafiya shafi bayan shafi har megabait 100, kuma aikin juya layukan zuwa rubutu yana gudana a cikin ma'aikacin, wato kwafin manhajar mai amsa buƙatu, da ya kamata ya amsa wa wakilin nan. A kan saba mai rahusa, wannan jinkirin ana jin sa.

Akwai kuma abin da ba a gani sai an shekara. Laburaren yana zuwa da nasa buƙatun, Jinja2 da httpx da uvicorn da sauransu, cikin muhallin Python ɗaya da naka, don haka ranar da ka so sabunta ɗaya, ɗayan yana iya riƙe maka ƙafa. Sannan idan kana gudanar da ma'aikata 2 ko 4 da gunicorn, manhajar da ke tayar da su tana kula da su, kowanne yana da nasa Datasette da nasa haɗin zuwa fayil, ba guda ɗaya suke rabawa ba. Kuma takardun FastAPI sun faɗa a fili cewa ayyukan farawa da rufewa na manhajar da aka ɗaura ba sa gudana da kansu, na babbar manhaja kaɗai ake kira, wanda ke nufin duk wani laburare da ya dogara da su sai ka kira masa da hannunka.

Ni a wurin aikina na ware shi: fayil ɗaya mai layi kusan goma na systemd (mai kunna ayyuka a Linux), Datasette yana saurare a 127.0.0.1 kaɗai, wato daga cikin sabar, nginx mai karɓar buƙatun waje yana gaba yana tura masa /bayanai/ bayan ya tambayi babbar manhaja ta auth_request ko mai buƙatar ya shiga. Idan ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi, wakilai suna ci gaba da aikinsu. Na yarda cewa aiki ne na ƙarin rabin yini, kuma abin kulawa ya zama biyu, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutum ɗaya da ke riƙe da komai.

Mai Gyaran Rezo, Ƙonni

Ni ba gwani ba ne a Datasette, amma ina roƙonka ka duba yadda kake ajiye kwafin fayil ɗin asali. Na taɓa riƙe wa wani shago irin wannan a kan kwamfutar da ke cikin buro, SQLite yana yanayin WAL, kowace yamma ina kwafe fayil ɗin zuwa kile na USB. Ranar da kuran ya ɗauke, batirin da ke riƙe kwamfutar ya riga ya mutu, faifan ya lalace, na dawo da kwafin sai na tarar cinikin kwana biyu babu shi. Ashe rubutun baya-bayan nan yana zaune a fayil na biyu mai ƙarewa da -wal har sai an mayar da shi cikin babban, ni kuwa babban kaɗai nake ɗauka. Tun daga ranar nake amfani da umarnin .backup ko VACUUM INTO, wanda ya shigo a siga ta 3.27 a 2019. Wannan na ajiyarka ne kai kaɗai, domin yana kwafe komai har da lambobin mutane, kada ka miƙa shi ga Datasette.

Ɗan Adar, Tawa

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na gwada abin da ka faɗa a tagar burauza da ban shiga da suna ba, na rubuta tambaya a kan teburin wakilai, lambobin 9 suka fito reras a gabana. Jikina ya yi sanyi, domin saura kaɗan in ɗora shi a ranar Juma'a. Yanzu na raba fayil, na sa middleware, na kashe SQL. Malama, hujjarki ta shige ni, amma a yanzu na bar shi ciki, saboda masu duba bayanan mutum 5 ne, ni kaɗai ne mai kula da sabar, kuma na kashe allow_csv_stream don kada saukewa ta danne wakilai. Ranar da ƙungiyar ta buɗe shafin ga ƴan kasuwa zan ware shi yadda kika kwatanta.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Na buɗe fayil ɗin a yanayin immutable, wato na fayil da ba ya canzawa, domin sauri, aikin dare yana gina sabo ya maye gurbin tsohon da os.replace, amma da safe shafin yana nuna farashin shekaranjiya har sai na sake kunna manhajar gaba ɗaya.

Ƴar Yantala, Yamai

Haka zai yi, ɗan'uwa. A Linux, idan aka maye gurbin fayil da sauya suna, duk aikin da ya riga ya buɗe tsohon yana ci gaba da riƙe shi, ko da sunansa ya koma kan sabon, kuma da ka ce immutable ka yi wa SQLite alkawarin cewa fayil ɗin ba zai canza ba, don haka ba ya dubawa. Gara ma da ka yi amfani da os.replace, da a kan tsohon ka rubuta kai tsaye yana buɗe, da ka ga amsoshi marasa kan gado ko kuskuren lalacewar fayil.

Tunda ka zaɓi barin sa ciki, ka ƙara layi ɗaya a ƙarshen aikin dare da zai aika wa babban aikin gunicorn siginar HUP. Zai tayar da sababbin ma'aikata, ya bar tsofaffin su kammala buƙatun da ke hannunsu kafin su rufe, sababbin kuma su buɗe sabon fayil. Wannan yana aiki ne idan ba ka kunna preload ba, domin da shi manhajar tana lodawa sau ɗaya a babban aikin, HUP ba ya sake loda ta. Ka sa shi wajen ƙarfe 3 na dare, lokacin da babu wakilin da ke kasuwa. Kuma ka duba allow_download: a buɗe yake tun asali, kuma yana aiki ne a kan fayilolin immutable, wato yanzu akwai mahaɗa a shafin da ke sauke fayil ɗin gaba ɗaya. Idan shugabannin ba su nemi wannan ba, ka kashe shi kafin Juma'a.